Sabuwar Julfa: Unguwar Baƙi da Ta Adana Tarihinta

A wannan fitowa za mu kai mai karatu birnin Isfahan na ƙasar Iran, wata unguwa ta Kiristoci Armeniyawa da ake kira Sabuwar Julfa, domin labarinta ya yi kama da na New Bell tamu.

A shekarar 1604, ana tsakiyar yaƙi tsakanin Farisa da Turkawa, Shah Abbas na Ɗaya ya tashi mutanen garin Julfa na bakin kogin Aras da ƙarfin tsiya, da yawa suka mutu a hanya. A 1606 ya ba waɗanda suka tsira fili a kudancin kogin Zayanda, daura da Isfahan, ya bar su da addininsu da shugabanninsu. Dalilinsa a fili yake: fatake ne da suka ƙware a cinikin alharini. Kafin ƙarni ya cika, wakilansu sun kai Amstardam da Madras da Manila.

Dukiyar da suka samu ba ta ƙare a ci da sha ba. Sun gina coci fiye da ashirin, goma sha uku na nan tsaye har yau. Mafi shahara shi ne cocin Vank, wanda aka kammala a 1664. Wanda ya hango ƙubbarsa ta tubali daga nesa zai ɗauka masallaci ne, sai ya shiga ya tarar da bango cike da zane. A harabarsa malaminsu Khachatur ya kafa injin ɗab'i, a 1638 ya buga Zabura da harshensu, littafi na farko da aka buga a ƙasar Iran.

Zama bai ɗore da daɗi ba. Mamayar Afganawa ta 1722 da harajin zalunci na Nadir Shah sun kori manyan attajirai zuwa Indiya da Rasha. Amma unguwar ba ta mutu ba. Har yanzu ma'ajiyar Vank na riƙe da takardun sarakuna da wasiƙun fatake da ɗaruruwan littattafan hannu, kuma yaransu na koyon harshen kakanni.

To, mu fa? Ita ma New Bell tashin dole ne ya haife ta. Jamusawa ne suka yanka ta bayan sun ƙwace filayen Duwalawa na bakin kogin Wuri, suka rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell da ya ƙi amincewa, ranar 8 ga Agusta, 1914. Baƙi suka cika unguwar, cikinsu har da kakanninmu fataken goro da shanu, suka gina masallatai da makarantun allo a tsakiyar Kiristoci, kamar yadda Armeniyawa suka gina coci a tsakiyar Musulmi.

Amma ina takardunmu? Wa ya rubuta sunayen limaman farko da na sarakunan Hausawa? Dattawan da suka sani suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, jikokinsu a Deïdo da New Bell kuwa sun fi sakewa da Faransanci. Muna roƙon kowane magidanci ya buɗe akwatin mahaifinsa, ya fito da wasiƙun ajami da takardun gida, ya zaunar da yaro gaban kaka da biro da takarda tun tana da rai.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.