Tsohuwar Motar Da Ke Tafasa A Gosulo

Wata Asabar ce cikin Afrilu, rana ta take tsaka, mun cushe a gosulo kusa da Kantin Kwari a Kano, ba gaba ba baya. A gabanmu akwai wata tsohuwar mota ja mai ƙofa biyu, gajeruwa kamar ta kwanta a ƙasa, irin wadda mai ita ba ya fito da ita sai don marmari. Can sai tururi ya fara tsartuwa ta gefen bonet. Dattijon da ke tuƙi ya fito, ya ɗaga bonet, ya zaro hankici ya naɗe hannu, ya nufi murfin lagireto kai tsaye. Wani mai a-daidaita-sahu ne ya leƙo ya daka masa tsawa: "Baba, don Allah kar ka buɗe! Fatar fuskarka za ta saluɓe!" Dattijon ya ja da baya yana jinjina kai, yana cewa shekaranjiya ya je Zariya ya dawo da motar nan, allurar zafi ko gezau ba ta yi ba.

Da ya sani, maganar nan tasa ta riga ta nuna inda ciwon yake. Motar da ke gudu lafiya a kan babbar hanya amma ta tafasa da zarar an tsaya, galibi iska ce ta yi mata ƙaranci, ko kuma ruwa ne ba ya zagayawa sosai idan inji yana silo. Inji yana ƙona fetur, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na zafin da ke fitowa ruwa ne ke ɗauke shi ya kai lagireto, iska ta kwashe. A kan hanya gudun motar ne da kansa ke tura iska cikin lagireto, fanka kusan hutawa take yi. A gosulo kuwa babu wannan iskar, sai abin da fanka ta jawo. To a tsofaffin motoci fanbel ne ke juya fanka da famfon ruwa, shi kuma saurinsa na inji ne. Idan inji ya sauka zuwa juyi 800 a minti ɗaya, fanka ta yi sanyin jiki, famfo ya yi sanyin jiki, a daidai lokacin da aka fi bukatarsu. Ga kwalta ta ɗau zafi, ga salansar motar gabanka tana huro maka nata.

Masu tara tsofaffin motocin ƙawa na Ingila sun daɗe da sanin wannan ciwo, don a can aka ƙera shi tare da motocin. Jaguar E-type da aka fara nunawa a bajekolin motoci na Janeba a 1961 ta burge duniya da dogon hancinta da ɗan ƙaramin bakin shan iska, amma fankarta ta lantarki mai fiffike biyu ba ta iya da injin silinda shida idan aka tsaya a cunkoso. Sai da kamfanin ya faɗaɗa bakin ya sa fanka biyu a ƙirar 1968. Triumph Stag, wadda aka ƙera daga 1970 zuwa 1977, ta fi kowa yin ƙaurin suna. An ɗora mata famfon ruwa can sama a jikin inji, da ruwa ya ɗan ragu sai famfon ya rasa abin ja, kan injin kuma na alminiyam ne, da ya sha zafi sai ya lanƙwashe. MGB, da aka yi fiye da rabin miliyan tsakanin 1962 da 1980, ta shafe yawancin shekarunta da fankar fanbel kafin a koma ta lantarki a ƙarshe-ƙarshe. Duk motoci ne da aka ƙera a ƙasar da digiri 30 a ma'aunin Salsiyas ya isa a kira shi zafi. Ka kawo irinsu garin da ake kai digiri 40 a bazara, ai ka ɗora wa jaki kayan raƙumi. Kuma ba su kaɗai ba. Tsohuwar Fijo 504 da aka fara harhaɗawa a Kaduna cikin shekarun 1970, da tsofaffin Marsandi da har yau ake lallaɓawa, tsarin sanyaya injinsu ɗan uwan wannan ne.

Kafin a kashe ko sisi, a tabbatar allurar ba ƙarya take yi ba. A yawancin motocin Ingila na wancan zamani akwai wata 'yar na'ura bayan dashbod da ke daidaita wutar da ke zuwa agogon mai da na zafi. Idan ta lalace sai duka biyun su haura tare, ka ga tanki ya cika ba ka sha mai ba, inji kuma wai ya yi zafi. Ma'aunin zafi irin na hannu da ake haskawa daga nesa, matuƙar yana kaiwa sama da digiri 100, zai raba gardama idan aka haska shi inda babban tiyo na sama ya fito daga inji. Akwai kuma wata ruɗarwa. Tsofaffin motoci da yawa ba su da robar ajiye rarar ruwa, don haka idan ka cika lagireto maƙil, ruwan zai kumbura ya zubar da rarar a ƙasa da zarar ka kashe mota. Wannan ba tafasa ba ce, gurbin da ya kamata ka bari a sama ne yake ƙwatar wa kansa.

Idan zafin gaskiya ne, a fara da iska, don ita ce mafi arha. Mai a-daidaita-sahun nan abin da ya yi ke nan bayan an tura motar gefe an kashe ta. Ya sa babban yatsa ya danna fanbel, sai ga shi ya lotsa kamar igiyar shanya, gefensa ya yi sul-sul yana sheƙi. Fanbel mai kyau bai kamata ya lotsa fiye da kaurin yatsa ba. Daga nan a duba murfin da ke kewaye fanka, wanda ke tilasta mata jawo iska ta cikin lagireto. Makanikai da yawa sukan cire shi lokacin wani aiki su ƙi mayarwa, wai ba shi da amfani. A kan hanya ba za ka ji rashinsa ba, a gosulo ne fanka za ta riƙa kaɗa iskar gefe tana barin lagireto. Gwaji mai sauƙi: inji na silo, ka riƙe takarda a gaban lagireto, nesa da fanka. In ta manne, iska na shiga. In ta faɗi ko ta turo waje, akwai magana, musamman in fankar lantarki ce da mai wayarin ya juya wa wayoyi. Sannan a wanke ƙurar hunturu da ƙwari da ledar da suka toshe ƙananan ramukan, da ruwa a hankali daga baya zuwa gaba, ba da injin wanki mai ƙarfi da ke kwantar da siraran ƙarafan ba.

Cikin lagireton shi ne inda muke zaluntar motocinmu. Duk wanda ya taɓa leƙa butar mai shayi ya ga farin ɓawon da ruwa ke bari a gindinta. Haka ruwan rijiya da na burtsatse suke yi a siraran bututun lagireto, shekara bisa shekara, tsatsa kuma na taruwa a cikin inji. Ruwan leda ma ba maganin tsatsa ba ne. Idan mota ta ɗumama aka kashe, aka bi fuskar lagireto da ma'aunin nan aka sami wani yanki da sanyi alhali kewayensa zafi, bututun wurin sun toshe. Zuba garin sabulun wanki ba ya buɗe su. Sai an sauke an kai wa masu gyaran lagireto su buɗe su tsefe shi, in ya ci ƙarfin gyara a canja cikin gaba ɗaya. Ƙwai ko barkono da wasu ke zubawa don tsayar da yoyo na iya kai ka gida, amma toshewar da za su bari ta fi yoyon tsada.

Ruwan sanyaya inji mai launi da ake sayarwa a galan, mutane na cewa na ƙasashen ƙanƙara ne, mu ina ruwanmu. Hana daskarewa ɗaya ne daga aikinsa. Yana ɗauke da maganin tsatsa, kuma inji mai kan alminiyam irin na Stag ba ya yafe rashinsa. A gauraya shi da tataccen ruwa irin na batir, a riƙa canjawa duk shekara biyu in irin na da ne. A kuma ɓoye shi daga yara da dabbobi, don yana da zaƙi a baki, guba ne mai lalata ƙoda.

Murfin lagireto da ake rainawa yana da nasa aikin. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya yana tafasa a digiri 100, a tudu irin na Jos ma kafin nan. Murfin yana matse shi ne don ya jure fiye da haka: mai lamba fam 7, irin na MGB na farko, yana kai shi wajen digiri 111, mai fam 15 kuma wajen 120. In robarsa ta tsage ko sifirin ɗin ya mutu, duk wannan rarar ta tafi. A sayi murfi mai lambar da aka tsara wa motar. Ɗora murfi mai ƙarfi a kan tsohon lagireto neman fashewar tiyo ne.

Yanzu ga inda ni da makanikai da yawa muke rabuwa. Da ka ce mota na zafi, sai ka ji, "Oga, a cire tamostat, ƙasarmu ba ta bukatarsa." Tamostat ƙofa ce kawai, tana rufe har ruwa ya kai wajen digiri 82 a yawancin motocin nan, sannan ta buɗe. In ta buɗe ta gama nata, ba ita ke sa mota tafasa ba, sai fa in ta maƙale a rufe, wannan kuwa mota ba za ta jira gosulo ba. Gwada ta ba wuya: a jefa ta cikin tukunyar ruwa a kan wuta a ga ko za ta buɗe kafin ya tafasa. Cire ta na jawo inji ya daɗe bai ɗumama ba da safe, ya sha mai, ya ci kansa. A wasu injinan ma, irin tsofaffin Jaguar da Triumph TR, tamostat ɗin ce ke toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya ratsa lagireto ba. Ka cire ta, ka buɗe wa ruwan zafi hanyar gudu. Abin da ya fi wannan amfani shi ne ƙarin fankar lantarki mai kunna kanta idan zafi ya kai, da fiyus ɗinta da rile, bayan an tabbatar altaneta za ta iya ɗauka. Amma a sa ta bayan an gyara sauran, don ba za ta wanke toshasshen lagireto ba.

Wani lokaci kuma inji ne ke haifar da zafin da ya wuce kima: taimin ya yi baya, ko kafireto na ba da mai kaɗan iska da yawa. Mai gyaran da ya san distributa zai gano wannan cikin mintuna. Mafi muni shi ne gasket ya ƙone. Alamunsa kumfa mai tasowa a bakin lagireto tun inji na sanyi, farin hayaƙi da ba ya yankewa, ruwa na raguwa ba a ga yoyo ba, ko baƙin mai ya koma launin shayi da madara. Wannan a ajiye motar.

Idan allura ta fara hawa kana tsakiyar cunkoso, kashe iyakwandishan. In hitar motar na aiki, buɗe ta gaba ɗaya ka sauke gilasai, ka sha wuya na ɗan lokaci, don ita ma ƙaramin lagireto ce. Sa giya a firi, ka ɗan taka totur zuwa wajen juyi 1,500 don fanka da famfo su ƙara sauri. In allurar ta ci gaba da hawa ko tururi ya fito, nemi gefe ka kashe. Kada ka kwara ruwan sanyi a kan inji, ƙarfe mai zafi tsagewa yake. Kada ka taɓa murfi sai an yi aƙalla minti 30, tiyon sama ya yi laushi a hannu, sannan ka rufe shi da tsumma mai kauri ka murɗa rabi, ka bar iska ta gama fita, fuskarka na gefe. Kafin ya huce, ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne kawai ya hana shi tafasa, da an saki murfi zai yi tsartuwa sama gaba ɗaya.

In tsautsayi ya riga ya faɗa, a sakar wa wurin ƙunar ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, har tsawon minti 20, a cire zobe da agogo kafin wurin ya kumbura. Ban da man goge baki, ban da ƙwai, ban da baƙin mai ko gishiri. A rufe da tsabtataccen ƙyalle, in ƙunar ta taɓa fuska ko hannu ko ta fi tafin hannun mutumin faɗi, a wuce asibiti.