Nazarin Girman Ɗan Adam Daga Goyo Zuwa Tsufa

Ilimin halayyar girma shi ne fannin da ke bin diddigin yadda tunani da harshe da ɗabi'un mutum suke sauyawa tun yana ciki har ya tsufa. Masana na farko sun fi karkata ga yara, musamman Jean Piaget ɗan ƙasar Suwizalan, wanda ya kasa bunƙasar tunanin yaro zuwa matakai 4, kafin Erik Erikson ya faɗaɗa fagen a 1950 da matakai 8 da suka haɗa har da ƙuruciya da manyanta da tsufa.

Ɗalibin da ke zaune a Maikunkele, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Bosso, yakan fara cin karo da wannan ilimi a darussan koyon malanta, kamar na Kwalejin Ilimi ta Jihar Neja da ke Minna, amma mai neman digiri na biyu ko na uku yakan nufi jami'o'i irin su Ahmadu Bello ta Zariya ko Bayero ta Kano, inda ake koyar da shi cikin fannin halayyar koyo da ba da shawara. A wannan mataki ne ake horar da shi kan tsara bincike da ƙididdiga, da kuma bin mutane ɗaya na tsawon shekaru domin gane abin da shekaru suka sauya da abin da tarbiyya ta dasa.

Buƙatar irin waɗannan masana tana da girma, domin yawancin ra'ayoyin da ake koyarwa an gina su ne a kan yaran Turai da Amurka, lamarin da masani ɗan Kamaru, Bame Nsamenang, ya yi wa gyara a littafinsa na 1992. Yaron da ya tashi a hannun kaka bayan yaye, ko a gidan riƙo, ko yake jin Gwaranci a gida da Hausa a kasuwa da Turanci a aji, yana bin hanyar girma da ta cancanci nazarin kanta, haka kuma tsohon da mantuwa ta kama, wanda ake ɗauka rikicin tsufa ne kawai alhali sau da yawa cuta ce mai buƙatar kulawa. Muddin ba a samu 'yan ƙasa da za su nazarci waɗannan al'amura cikin harsunan mutanensu ba, malamai da ma'aikatan lafiya za su ci gaba da auna 'ya'yan Bosso da ma'aunin da ba domin su aka ƙera ba.