Dokar 'Yancin Samun Bayanai: Abin da Ta Tanada da Inda Take Cijewa

A ranar 28 ga Mayun 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a kan Dokar 'Yancin Samun Bayanai, wadda ta ba kowa damar neman takardu da bayanan da ke hannun hukumomin gwamnatin Nijeriya. An daɗe ana fafutuka kafin a kai nan. Tun 1993, ana tsakiyar mulkin soja, ƙungiyar Media Rights Agenda, da ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam, CLO, da ta 'yan jarida, NUJ, suka fara tsara daftarinta. Majalisa ta amince da ƙudirin a 2007, amma Shugaba Obasanjo ya sauka bai sa hannu ba, aka koma 'yar gidan jiya.

Jan ƙafar yana da tushe. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ta horar da ma'aikaci a kan cewa bakinsa alaikum shi ne zaman lafiyarsa, har fayil ɗin sayen kujerun ofis ma sai a buga masa hatimin sirri. A 1984, ƙarƙashin Dokar Soja ta 4, an ɗaure 'yan jaridar Guardian biyu, Tunde Thompson da Nduka Irabor, shekara guda saboda labarin naɗin jakadu. Tsarin mulkin 1999 ya ba da 'yancin faɗin albarkacin baki a sashe na 39, ya kuma ɗora wa 'yan jarida bin diddigin gwamnati a sashe na 22, amma bai tilasta wa jami'i buɗe durowarsa ba. Wannan giɓin dokar 2011 ta zo cikewa.

Da yawa na ɗauka dokar ta 'yan jarida ce, alhali manomi da ɗan kasuwa da ɗalibi duk suna ciki. Mutanen ƙauyen da aka kafa wa allon kwangilar rijiyar burtsatse, shekara ta zagayo ba ko rami, suna iya rubuta wa ma'aikatar su nemi sunan ɗan kwangilar, da kuɗin da aka ware, da abin da aka riga aka biya. Ba sai sun faɗi dalilinsu ba. Wanda bai iya rubutu ba yana iya wakilta wani, ko ya faɗa da baki jami'in ya rubuta. Kuɗin da za a karɓa bai wuce na kwafin takardu ba. Hukuma na da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7 idan takardun na da yawa, kuma shirunta ƙi ne a idon doka. Daga nan mai nema na da kwana 30 ya garzaya kotu. Hana bayani ba bisa ƙa'ida ba na jawo tarar naira 500,000, lalata takarda ko sauya ta da gangan kuwa ɗaurin aƙalla shekara guda. Kamfanin da ke aiki da kuɗin jama'a ma bai tsira ba.

Akwai abubuwan da aka keɓe, irin su sirrin tsaro, da binciken laifi da ke gudana, da bayanan rayuwar mutum, da sirrin kasuwanci. Ko a nan ma, a yawancin lokuta, idan amfanin jama'a ya rinjayi illar fitarwa dole a fitar.

Inda gizo ke saƙa shi ne aiwatarwa. Wasiƙu da dama na maƙalewa a teburin magatakarda da "oga ba ya nan" ko "a dawo gobe". Dokar ba ta kafa wata hukuma mai zaman kanta da za a kai wa ƙorafi ba, sai kotu, ita kuma shari'a sai mai kuɗin lauya da dogon haƙuri. Rahoton shekara da kowace hukuma ya kamata ta miƙa wa Ministan Shari'a zuwa 1 ga Fabrairu ma, da yawa ba sa kaiwa.

Jihohi kuwa sun daɗe suna fakewa da cewa dokar ta Abuja ce, in ban da irin Ekiti da ta yi tata tun 2011, har rassan Kotun Ɗaukaka Ƙara suka saɓa wa juna a kan batun. A Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama a wata ƙara da ta taso daga Jihar Edo, ta ce dokar ta hau kan jihohi su ma. Hukuncin na da nauyi, domin makarantun firamare da asibitocin sha-ka-tafi da hanyoyin karkara, waɗanda talaka ya fi tambaya a kansu, galibin takardunsu na ofisoshin jiha da ƙaramar hukuma ne.