Yadda Al'ada ke Riƙe Amana a Fataucin Sabon Ibadan

Duk wata ƙungiya ko kamfani a kan yarda take tafiya: wani ya danƙa dukiyarsa a hannun wani, yana sa ran ba za a ci amanarsa ba. Sai dai abin da ke sa mutum ya saki jiki da abokin hulɗarsa ya bambanta daga wata al'umma zuwa wata. A wasu wurare takardar yarjejeniya da kotu ake dogara da su. A wasu kuma abin dubawa shi ne asalin mutum, da addininsa, da wanda ya tsaya masa.

Unguwar Sabo ta Ibadan, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916, ta nuna wannan a fili. Masanin zamantakewa Abner Cohen ya yi bincike a can a farkon shekarun 1960, ya wallafa shi a 1969. A wancan lokaci shanu na saukowa daga Arewa, goro na hawa daga ƙasar Yarabawa, kuma yawancin cinikin shanun bashi ne. Falke zai bar garkensa ga mahautan da bai san ko gidansu ba, ba tare da banki ko rasit ba.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne maigida. Shi ke saukar da falke, ya ciyar da shi, ya ajiye masa kuɗi, ya sa dillalansa su nemo masu saye. Dillalan sun san mahaucin da ke biya da wanda ke taurin bashi, kuma idan mai saye ya gaza, maigida ne ke ɗaukar nauyin. Jarinsa na gaskiya sunansa ne, domin labarin maigidan da ya ci amana kan isa Kano da Sakkwato tare da fataken da suka koma, daga nan babu mai sake sauka a gidansa.

Su ma dillalan ba albashi ya ɗaure su ba. Maigida kan yi wa yaronsa aure, ya ba shi ɗaki, a yi ta musayar riƙon 'ya'ya tsakanin gidaje. Wanda ya cuci ubangidansa a irin wannan zama ya rasa aiki da muhalli da mutunci gaba ɗaya. Idan rigima ta taso, gaban Sarkin Sabo ake kai ta.

A farkon shekarun 1950, mutanen unguwar suka rungumi ɗariƙar Tijjaniyya, suka ware masallacin Juma'arsu. Haɗuwa kullum wurin wazifa ta ƙara sanayya, kowa na ganin halin kowa.

Tsarin yana da tasa iyakar, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Yardar da ta ginu a kan harshe da ɗariƙa tana toshe ƙofa ga bare, komai gaskiyarsa. Hakan ya taimaka wa Hausawa suka riƙe wannan fatauci a hannunsu, 'yan kasuwar Yarabawa suka sha wahalar kutsawa. Kunya da girmama na gaba ma kan hana yaro faɗa wa maigida kuskurensa. Wannan matsala tana nan a ma'aikatu da kamfanonin iyali na yau, inda ake ɗaukar ɗan'uwa saboda an san gidansu, sannan a ji nauyin bincikar littafin kuɗin da ke hannunsa.