Karkacewar ƙafar yara: Wacce ake jira ta miƙe, wacce ake kaiwa asibiti?

Cikin tambayoyin da iyaye mata suka fi kawo mana a kantin magani akwai wannan: "Ƙafar yarona ta lanƙwashe, wane magani zan ba shi?" Amsar ta danganta da shekarun yaron da irin karkacewar. Wata da kanta take miƙewa, wata kuwa sakaci da ita kan bar yaro da nakasa har girmansa.

Yawancin yara idan suka fara tafiya, ƙafafunsu kan ɗan yi baka, gwiwoyi su yi nesa da juna. Wannan kan gyaru wajen shekara 2. Daga shekara 3 zuwa 4 kuma wasu su yi gwame, gwiwoyi na gugar juna, kafin ƙafa ta daidaita wajen shekara 7. Muddin ƙafafun biyu iri ɗaya ne, yaro na wasa, ba ciwo ba ɗingishi, to babu buƙatar magani ko takalmi na musamman.

Abin damuwa shi ne idan lanƙwasar na ƙaruwa bayan shekara 2, ko a ƙafa ɗaya take, ko wuyan hannun yaro ya yi kauri, ko ya yi jinkirin tafiya yana kukan ciwon ƙafa. Waɗannan na iya zama alamun laushin ƙashi, wanda likitoci ke kira riket. A ƙasashen sanyi rashin sinadarin bitamin D ne ya fi jawo shi. Amma binciken da aka yi a Jos, aka wallafa a 1999, ya nuna cewa a yaran Najeriya ƙarancin kalsiyam a abinci ne babbar matsalar. Yaron da aka yaye a kan koko da tuwon masara kullum, ba nono ba kifi, ƙashinsa ba ya samun abin ginuwa. A saka masa madara ko kindirmo, da ƙananan kifi da ake dakawa har da ƙayarsu, da miyar kuka ko zogale, a kuma bar shi ya riƙa wasa a waje. Idan alamun sun riga sun bayyana, likita ne zai ɗauki hoton ƙashi ya ƙayyade magani. Kada a sayi bitamin D a yi ta ɗura wa yaro, domin yawansa na illata ƙoda.

Wadda ba ta jira ko kaɗan ita ce ta jaririn da aka haifa da tafin ƙafa a murɗe zuwa ciki. Kusan jariri 1 cikin 1,000 ake haifa haka, kuma ba laifin uwa ba ne, ba kuma aikin iska ba. Ana gyara ta da dabarar Ponseti: a riƙa miƙe ƙafar a hankali ana sauya filasta mako-mako kamar sau 5 zuwa 8, galibi a ɗan yanka jijiyar diddige, sannan yaro ya sa takalmi mai sanda kusan yini da dare na wata 3, daga baya lokacin barci kawai har shekara 4 ko 5. An fi samun nasara idan aka fara a makonnin farko, kuma yawanci daina sa takalmin ne ke sa ƙafar ta sake murɗewa. Asibitocin ƙashi na Igbobi a Legas, da Enugu, da Dala a Kano suna wannan aiki. Ba karaya ba ce, don haka kada a kai wa mai ɗori.

Iyaye su kuma lura: jaririn da bayan hannu da ƙafarsa suka kumbura yana ta kuka, a kai shi asibiti a ranar, a yi masa gwajin sikila. Haka ma yaron da ya wayi gari da zazzaɓi ya kasa taka ƙafa, kada a tsaya shafa masa man zafi, domin ƙwayoyin cuta kan shiga ƙashi ko gaɓa su yi ɓarna cikin 'yan kwanaki.