Ciwon Damuwa da Neman Aiki a Jiragen Ruwa

Fiye da kashi 80 cikin ɗari na kayayyakin da ƙasashen duniya ke cinikinsu ta teku ake safararsu, kuma mutane kusan miliyan 1.9 ne ke aiki a jiragen da ke ɗaukar waɗannan kaya. Babu wanda ake ɗauka wannan aiki sai likita ya gwada shi ya ba shi takardar shaidar lafiya, wadda ba ta wuce shekara 2 ba a sabunta ta ba. A wajen gwajin akan duba gani da ji da bugun zuciya, sa'an nan a ba mai neman aiki takardar tambayoyi ya cika. Daga cikin tambayoyin akwai ko ya taɓa fama da ciwon damuwa, ko rashin barci, ko wata larura ta ƙwaƙwalwa.

Dalilin Tambayar

Jirgi yakan yi makonni a tsakiyar teku, nesa da asibiti, kuma galibin jiragen dakon kaya ba su da likita. Ma'aikata kaɗan ne, kowa da aikinsa, kuskuren mutum guda kuwa yana iya jawo asarar rayuka. Saboda haka tambayar tana da hujja. Matsalar ita ce yadda wasu masu ɗaukar ma'aikata ke amfani da amsar. Da zarar mutum ya ce ya taɓa ganin likitan ƙwaƙwalwa, sai a ajiye takardarsa, ko da ya daɗe da warkewa.

Abin da Bincike Ya Nuna

A shekarar 2019 masana daga Jami'ar Yale ta Amurka sun fitar da sakamakon binciken da suka yi a kan ma'aikatan jirgin ruwa 1,572. Sun gano alamun ciwon damuwa a kashi 25 cikin ɗari, da alamun matsananciyar fargaba a kashi 17. Yanayin aikin kansa yana da hannu a ciki: rabuwa da iyali na tsawon watanni, da aikin dare, da ƙarar inji, da ƙarancin barci. A 2020 annobar korona ta ƙara dagula al'amarin, domin ma'aikata kimanin 400,000 sun maƙale a jirage bayan wa'adin aikinsu ya ƙare.

Ma'aikacin da ya san faɗin gaskiya zai raba shi da abincinsa yakan zaɓi yin shiru. Wani ma yakan daina shan magani don kada a gano shi. A ƙarshe jirgi yakan tashi da maras lafiyar da ba wanda ya san halinsa, alhali an bar wanda ya nemi magani ya warke a bakin gaɓa.

Matsayin Doka

Yarjejeniyar Ƙwadagon Teku ta 2006, wadda ta fara aiki a 2013, kuma Nijeriya ta amince da ita a wannan shekarar, ta bai wa duk wanda aka hana takardar lafiya damar zuwa wurin wani likita mai zaman kansa ya sake gwada shi. Ta kuma haramta wa dillalan aiki ajiye jerin sunaye don toshe wa wanda ya cancanta hanyar samun aiki. Ƙa'idojin gwajin lafiya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya da Hukumar Sufurin Teku ta Duniya suka wallafa a 2013 sun nemi a duba kowane mutum bisa halin da yake ciki: tsananin ciwon, da tsawon lokacin da ya yi lafiya lau, da ko maganinsa yana rage masa kuzari.

Ciwon damuwa cuta ce mai magani, kamar hawan jini. Ɗalibin da ke sha'awar aikin teku ya kamata ya nemi likita da wuri idan ya ji alamunsa, ya adana takardun asibitinsa, ya kuma san cewa yana da ikon neman gwaji na biyu idan an ƙi shi.