Gaisuwa da kiran manya

A babbar kasuwar Yamai ana jin harsuna iri-iri. Bahaushe yana cewa «Sannu», Bazabarme «Fofo», Babarbare kuma «Wushe». In aka tambayi Bafillace lafiyarsa, sai ya amsa «Jam tan». Bazabarme kuwa ya ce «Baani samay». Ma'anarsu ɗaya da «Lafiya lau».

Bayan gaisuwa, sai sanin yadda ake kiran mutum. Yaro mai ladabi ba ya kiran babba da sunansa. Ko bai san shi ba, yakan ce «Baba» ko «Kawu», mace kuma «Inna» ko «Gwaggo». Faransanci ba haka yake ba: baƙo «Monsieur» ne ko «Madame». Daga «Monsieur» ɗin nan aka samo kalmar «mushe», wato malamin lakwal.

Inda ƴan makaranta suka fi tuntuɓe shi ne «tu» da «vous». «Tu» na aboki ne ko ƙane. «Vous» na mushe ne da sauran manya, kamar yadda ake ce wa dattijo «Ina kwananku?» ko da shi kaɗai yake zaune. Yaron da ya ce wa baƙo dattijo «tu», sai a ɗauka raini ne.